Yadda zaka sayi kwandalar azurfa ta 'yancin kan Bahamas ba tare da an yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Toh jama'a, tunda na nuna ma wasu abokaina kwandalar nan mai hoton jirgin ruwa ake ta damuna da tambaya, wai nawa na saya, a ina, kuma ya akai na san azurfa ce ba farin ƙarfe ba. Shi yasa nace bari in zauna in zayyano komai tiryan-tiryan, wanda zai saya ya saya da ido buɗe. Ni dai ba dila bane, mai sha'awa ne kawai da ya taɓa ƙonewa sau ɗaya ya koyi hankali.

Abu guda nake so ya zauna maka a kai kafin mu fara: kwandalar tunawa kaya biyu ce a jiki ɗaya, akwai azurfar dake cikinta wadda sikeli ke faɗin gaskiyarta, akwai kuma labarin dake kanta wanda bakin mai sayarwa ke hura masa iska. Na farkon zaka iya lissafa shi har kobo. Na biyun nan ne ake yanka mutane.

Mataki na 1: san ƙasar da shekarunta

Bahamas tarin tsibirai ne wajen 700 a tekun Atlantika, kudu maso gabas da jihar Florida ta Amurka, babban birninsu Nassau. Sun karɓi 'yancin kai daga Birtaniya ranar 10 ga Yuli 1973, Lynden Pindling ne firaminista a lokacin, Yarima Charles wanda yanzu shine sarkin Ingila shi ya je a madadin mahaifiyarsa. Kuɗinsu dala ce tun 1966, kuma dalarsu ɗaya daidai take da dalar Amurka ɗaya.

Kar kace wannan tarihi ne na 'yan makaranta, da shi zaka kama maƙaryaci. In wani ya nuna maka kwandalar Bahamas ta 1966 ko 1971 yace ta 'yancin kai ce, ka san ko bai sani ba ko yana so ya raina maka wayo, don lokacin ba a ma sauke tutar Ingila ba. Eh suna da na azurfa a shekarun nan, akwai dala 2 mai tsuntsayen filamingo, akwai dala 1 mai katantanwar teku, akwai santi 50 mai kifin malin, duk masu kyau ne, amma ba na 'yanci bane.

Mataki na 2: zaɓi wadda kake nema tun kafin ka shiga kasuwa

Uwar tafiyar itace dala 10 ta 1973. Ƙatuwa ce wlh, faɗinta milimita 50, in ka ɗora ta a tafin hannu sai ta kusa cinye tsakiyar, nauyinta giram 49.75, azurfarta 925 wato cikin kashi dubu, kashi 925 azurfa ce sauran jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari, irin wadda Turawa ke cewa sitalin. Gefe ɗaya Sarauniya Elizabeth, ɗaya gefen jirgin ruwa mai filafilai, Santa Maria, jirgin da Kolombus, matuƙin nan da Sifaniyawa suka aiko, ya shigo da shi ya sauka a ɗaya daga tsibiran nan a Oktoban 1492.

Nan fa ni abun yake ɗaure mun kai, kuma sai na faɗa. Kwandalar murnar samun 'yanci, amma gaba sarauniyar waɗanda suka mulke ka, baya jirgin mutumin da zuwansa ne sanadin ƙarewar mutanen asalin tsibiran, 'yan Lukaya, waɗanda Sifaniyawa suka kwashe zuwa bauta har suka ƙare cikin 'yan shekaru. Amma dai sarauniyar tana nan a matsayin shugabar ƙasa ko bayan 'yancin, jirgin kuma yana jikin tambarin ƙasar, so ba wai kuskure bane. Mu ma ai kan sarauniya na kan sulallanmu har aka kawo naira a 1973 ɗin, sai mu yi shiru.

Daga 1974 sai suka sa tambarin ƙasa a mazaunin sarauniya, mai kifi da filamingo suna riƙe da garkuwa. Dala 10 ta 1974 ta cika shekara ɗaya ce, tana da hoton Sir Milo Butler, ɗan ƙasa na farko da ya zama gwamna janar. Sai na 1978 na cika shekara biyar, kala biyu ne, ɗaya Yarima Charles ɗaya Milo Butler ɗin dai, kuma ga inda ake zamewa: su na 1978 giram 45.36 ne kuma azurfarsu 500 ce kacal, rabi da rabi. A ido kusan girman ɗaya da ta 1973, a azurfa kuwa ko rabinta basu cika ba.

In sha'awar ta kama ka sosai zaka tarar maƙwabtansu ma sun yi nasu. Jamaika ta samu nata 'yancin 6 ga Agusta 1962, a 1972 ta fitar da dala 10 ta azurfa mai hoton jagororin 'yancinsu Alexander Bustamante da Norman Manley. Barbados 30 ga Nuwamba 1966, a 1976 ta buga na cika shekara goma masu shekaru biyun a jiki. Shawarata kar ka tara ma kanka hidima, fara da ƙasa ɗaya, kwandala ɗaya.

Mataki na 3: nemo takardar haihuwarta

Duk kwandalar da gwamnati ta fitar tana da lamba a kundin masu tara tsaba, ana ce mata lambar KM. Shiga Numista a intanet, kyauta ne, rubuta ƙasa da shekara da adadin kuɗin, zai fito maka da nauyi, faɗi, irin ƙarfe da hoton gaba da baya. Kwafe su a takarda ko ka ɗauki hoton fuskar waya ka ajiye, dasu zaka yi ciniki.

A nan kuma ka bambance kwandala da lambar yabo. In babu adadin kuɗi a jiki, ba 10 DOLLARS ba komai, toh ba kuɗi bane, lambar tunawa ce da kowane kamfani zai iya bugawa, kuma da yawansu ruwan azurfa kawai aka shafa musu a sama.

Mataki na 4: tarkon 'yan biyu

Wannan matakin zan daɗe a kai don nan na sha kashi. Yawancin kwandalolin tsibiran nan na shekarun 1970 wani kamfani ne na Amurka mai suna Franklin Mint ya buga su a jihar Pennsylvania, zaka ga ɗan tambarinsa na F da M a haɗe, ƙanƙani sai ka sa gilashin ƙara girma. Salonsu shine zane ɗaya su buga shi iri-iri: akwai furuf, wato wanda aka goge farantin bugun har filin kwandalar yana ɗaukar fuskarka kamar madubi zanen kuma ya fito fari kamar an barbaɗa masa gari, akwai kuma na gama-gari. A wasu ƙasashen furuf ɗin ne kawai azurfa, ɗan'uwansa jan ƙarfe ne da nikel, irin ƙarfen sulalla. Zane ɗaya, shekara ɗaya, girma ɗaya. A kundin ma lambarsu ɗaya sai dai ƙaramin harafin a da ake ƙara ma ta azurfar a ƙarshe.

Ni abinda ya same ni, dala 10 ta Barbados na gani mai hoton Neptune, dodon tekun Rumawa, hoto ɗaya tak mai sayarwar ya sa kuma da duhu-duhu, ya rubuta azurfa, farashin kuma ya yi mun daɗi har ina ganin na yi dabara, ban tambaye shi nauyi ba ban tambaye shi komai ba na tura kuɗi ina murna. Da ta iso na ɗora a sikeli, ta azurfa ya kamata ta nuna giram 37.9, sai naga ta gaza da giram wajen biyar. Na share sikelin na sake, na canza batir na sake, ina! Kwandalar gaskiya ce fa ba jabu ba, kawai dai 'yar'uwar ce ta nikel. Mutumin ko da na yi masa magana cewa yayi shi ma haka ya saya. Araha bata ado, tana nan a durowa ina kallonta duk sanda zumuɗi ya taso mun.

Don haka kafin ka biya, ka ce a turo maka hoto uku: gaba, baya, da kwandalar a kan sikeli lambar na nunawa. Wanda ya fara kame-kame a kan hoton sikeli ka bar masa kayansa.

Mataki na 5: lissafin kuɗin azurfar

Ɗauko kalkuleta. Nauyi sau tsabta: 49.75 sau 0.925 ya baka giram 46 da ɗan ɗoriya na azurfa zalla. Ita azurfa a kasuwar duniya da oza ake auna ta, kuma ozar zinariya da azurfa giram 31.1 ce, ba 28 ɗin da ake auna kayan abinci da ita ba, kar ka haɗa. Raba 46 da 31.1 ka samu oza 1.48. Sai ka duba farashin oza na ranar a waya, don yana hawa yana sauka kullum. A ce misali kawai dala 30 ne, toh azurfar dake cikin ta 1973 ta kai dala 44 da 'yan canji. Ta 1978 kuwa 45.36 sau 0.5 giram 22.68 kenan, oza 0.73, wajen dala 22 a wannan misalin. Kaga bambancin ai.

Wannan adadin shine ƙasan farashi, ko maƙeri zai narka ta abinda ta ƙunsa kenan. Duk abinda aka ɗora a sama kuɗin kyau ne da kwali da takarda da kuma surutu. Gaskiyar da dilolin basa son faɗa itace kwandalolin nan an buga su da yawa don a sayar ma masu tarawa, ba a kashe su a kasuwa ba, so yawancinsu suna nan garau a akwatunan mutane, ba wani abu bane mai wuyar samu duk da an narkar da kaya irinsu da yawa a farkon 1980 lokacin da oza ta kusa dala 50. Ni a tsarina in furuf ce mai tsabta da kwalinta da takardar shaidarta zan ƙara wani abu a kan kuɗin azurfa da daɗin rai, amma in naji an ninka biyu ko uku ana cewa wai ba a samunta, sai in ce Allah ya kawo kasuwa in wuce.

Kar ka manta kuɗin aikowa da na kwastam da kamashon banki wajen canjin dala, wani lokacin su kaɗai sun kusa rabin kuɗin kayan. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ko Amurka ya fi sauƙi ya taho maka da ita a aljihu.

Mataki na 6: gwaji in ta zo hannu

Sikelin dijital ƙarami mai nuna 0.01 na giram, irin na masu sayar da gwal, shine babban makaminka. Sai abun auna faɗi, ko rula ma ta yi maleji. In nauyi ya kauce da 'yan ɗigo kaɗan ba komai, in ya kai giram guda akwai magana.

Maganaɗisu: azurfa bata kama shi. In ya manne toh zance ya ƙare, ƙarfe ne. Amma rashin mannewa ba shaida bace, don ita ma ta jan ƙarfe da nikel ɗin bata kamawa, mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ai na gwada da mayen ƙarfe. In kana da ɗan ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfin nan, karkata kwandalar ka sake shi a kai, a kan azurfa a hankali yake gangarowa kamar mai jin kasala, a kan nikel kuwa suuu zai wuce. Ka sa leda ko takarda mai laushi tsakani kar ya karce ta.

Ƙara: ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ɗan taɓa gefen da fensir, azurfa tana yin tinnnn mai tsawo mai zaƙi, ta dalma kuwa ɗif zakaji. Dan Allah kar ka jefa ta a siminti irin yadda tsofaffi ke gwada sule, furuf ce, faɗuwa ɗaya ta rage mata daraja.

Gwajin ruwa shine wanda na fi yarda dashi, kuma ba ya cin ko sisi. Ka auna ta a bushe ka rubuta. Ka ɗora kofin roba da ruwa a kan sikelin ka danna ya koma sifili. Ka ɗaure kwandalar da zaren ɗinki, ka zura ta cikin ruwan ta nutse duka amma kar ta taɓa gindi ko gefen kofin, hannunka na riƙe da zaren, ka jira lambar ta tsaya. Ta 1973 zata nuna wajen 4.8. Sai ka raba nauyin bushe da wannan: 49.75 raba 4.8 ya baka kusan 10.36. Azurfa 925 tana faɗowa tsakanin 10.3 da 10.4, mai 800 wajen 10.1, mai 500 wajen 9.6 zuwa 9.7, ta nikel kuwa 8.9, tazarar a fili take ba sai an kira malamin lissafi ba. Ka kula da 'yan kumfan iska dake maƙalewa a jiki, suna ɓata lissafi, ka ɗan girgiza zaren su tashi. In ka gama ka ɗan danna ta da tsumma mai laushi ta bushe, dannawa nace ba gogawa ba.

In kuma ta zo a rufe cikin robar kamfanonin tantancewa irin NGC ko PCGS, masu ba da maki daga 1 zuwa 70, kar ka fasa, akwai lamba a jiki ka shiga shafinsu ka duba ko hoton ya dace da wadda ke hannunka. Ruwan batir ko asid ɗin da maƙeran fari ke ɗigawa kuwa, a'a. Yana faɗin gaskiya amma yana barin tabo har abada.

Mataki na 7: kar ka wanke ta

Na san halinmu, abu in ya dafe sai an dirje shi ya yi ƙyalli. Toka, lemun tsami, man goge baki, omo, soson ƙarfe, duk na ji ana bada shawararsu, kuma ga zobe ko munduwa ba laifi. Ga kwandala kuwa kashe ta ne. Man goge baki yana barin ƙananan layuka kamar gashi a kan madubin, kai baka gani sai ka karkata ta a hasken fitila, amma wanda ya san kan abun da kallo ɗaya zai ce an wanke, daga nan ta koma kuɗin narkawa. Wannan duhun mai ruwan zuma ko shuɗi-shuɗi da azurfa ke yi da daɗewa, wasu masu tarawa ma ƙarin kuɗi suke biya a kansa.

Banda guda ɗaya: in kaga wani kore-kore mai danƙo a jiki, daga leda mai laushin nan ta PVC yake kuma yana cin ƙarfe. Shi ana jiƙa kwandalar a asiton zalla na 'yan mintuna a cire a bar ta ta sha iska, ba na cire jan farce mai turare ba, kuma nesa da wuta.

Riƙo kuma ta gefe, da yatsa biyu, hannu a wanke a bushe. Zanen yatsa in ya kwana biyu a kan furuf ya zauna kenan.

Mataki na 8: ajiya

Nemi 'yar robar kwandala mai tauri daidai faɗinta, milimita 50 ko 51, ka rufe ta ciki. Abokin gabar azurfa farar wuta ce dake cikin iska da wasu kaya, so kar ka naɗe ta a jarida, kar ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, kar ka ajiye kusa da kicin inda ake ta albasa da ƙwai, kuma ɗakin uwargida da turaren wuta ke tashi safe da yamma ba wajenta bane. Da damina ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin. Kwali da takardar shaida ka adana su, amma in soson cikin kwalin ya fara rugurgujewa raba shi da kwandalar.

Sai kuma mutanen gida. Mu dama azurfa a wajenmu ta zobe ce da awarwaro, tsofaffin kuɗin azurfan nan masu kan sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, da suka yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, da yawansu a tukunyar maƙera suka ƙare ko aka huda su aka rataya. In baka gaya ma kowa darajar taka ba, wata rana zaka dawo ka tarar an huda ta an sa ma yaro a wuya.

Mataki na 9: zakka da hannu-da-hannu

Ba malami bane ni, amma tunda azurfa ce dole a taɓo. Nisabinta dirhami 200, wanda aka fi ƙiyastawa da giram 595, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in shekara ta zagayo. In irin ta 1973 kake tarawa mai giram 46, guda 13 sun kai ka, kuma wasu malamai na haɗa ta da sauran kuɗin da kake da su wajen cika nisabi. Haka maganar sayen zinariya da azurfa hannu da hannu, da musayar azurfa da azurfa sai nauyi ya zo ɗaya, in ta intanet zaka saya a aiko maka bayan sati uku ka fara zama da malaminka ya warware maka yadda zaka yi, wasu suna wakilta wani a can ya biya ya karɓa a take.

Mataki na 10: in ka tashi sayarwa

Ka sake lissafin mataki na 5 da farashin ranar kafin ka fita daga gida. Maƙeri ko mai shagon gwal nauyi zai saya, kuma zai rage don shi ma ya samu, ba ruwansa da Santa Maria ko Milo Butler. Mai tarawa ne zai biya kuɗin kyau da kwali, shi kuma sai ka yi haƙurin nemansa. A eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, kar ka kalli abinda mutane suka sa suna nema, kowa na iya rubuta dala dubu, ka tace ka ga waɗanda aka riga aka sayar da nawa suka tafi. Ka ɗauki hoto da rana kusa da taga ba da filashi ba, gaba, baya, gefe, sai na kan sikeli da 49.75 ɗin tana nunawa ɓaro-ɓaro, in akwai karce ka nuna shi da kanka tun kafin a tambaye ka.